Yadda Za Ki Shirya Kafin Shiga Makarantar Koyon Jinya a Jos

Samun gurbi a makarantar jinya somin taɓi ne. A makarantu da dama, wata shida na farko, wanda ɗalibai ke kira PTS, lokacin tankaɗe da rairaya ne. Ana yin jarrabawa a ƙarshensa, wanda bai haye ba sai ya naɗe tabarmarsa. Dalili kuwa, hukumar NMCN mai kula da aikin jinya da ungozoma, wadda hedikwatarta ke Abuja, ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta yi wa rajista, makarantu kuma sukan ɗebi fiye da haka. Shirin da zai tsallakar da ke daga gida ake fara shi. Da mata nake magana don su suka fi yawa a fagen, amma maza ma su buɗe kunne.

Da farko, ki tantance makarantar. A Filato akwai Kwalejin Jinya da Ungozoma ta jiha da ke Vom, gaba da Bukur, akwai kuma sashen jinya na Jami'ar Jos, inda ake shekara 5 a fita da digiri, sannan a yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Tsohon tsarin makarantun jinya shekara 3 ne, amma yanzu an mayar da da yawansu kwalejoji masu ba da ND da HND cikin shekara 4, kuma ta JAMB ake shiga. Ko wace kika zaɓa, ki duba sunanta a jerin makarantun da NMCN ta amince da su kafin ki biya ko kwabo. Makarantun kuɗi sun yi yawa, wasu gini ne kawai da allo mai hoton mace cikin farar riga. In hukumar ba ta san da makaranta ba, ɗalibanta ba za su zauna jarrabawar lasisi ba, shekarun sun tafi a banza. Kada kuma ki haɗa jinya da kwas ɗin ma'aikatan lafiyar al'umma da ake yi a irin kwalejin Pankshin. Aiki ne mai daraja, amma hukumarsa daban, lasisinsa daban.

Sai takardu. Ana son kiredit 5, a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zaman WAEC ko NECO da bai wuce biyu ba. Ki jera sakamakon, da katin NIN, da takardar haihuwa, da ta JAMB a kan tabarma ki karanta su harafi harafi. In nan an rubuta Aisha can A'ishatu, ko shekarar haihuwa ta saɓa, ki gyara tun yanzu, don ranar rajista da hukuma ba a jin magiya. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ma a nemo ta da wuri, musamman in sai an yi tattaki zuwa garin kakanni.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato karatu kafin a buɗe makaranta. Darasin sassan jiki da na yadda suke aiki su ke kayar da mutane. Ƙashi 206 ne a jikin baligi, ga jijiyoyi, ga tsokoki, kowanne da sunansa na Latin ko Girkanci, malami kuma ba zai jira ki ba. Ki ari littafin wata da ta riga ki shiga, ki soma da zuciya: ɗakunanta huɗu, ta inda jini ke shiga, ta inda yake fita zuwa huhu ya dawo. Ki zana da hannunki har ki iya ba tare da leƙen littafi ba. Daga nan numfashi, narkewar abinci, ƙoda. Hadda ba baƙuwa ba ce ga wadda ta yi Islamiyya, sai dai a nan za a tambaye ki dalili, me ya sa ƙafa ke kumbura in zuciya ta gaza. Shi ya sa nake ganin awa guda kullum da fahimta ta fi kwana a kan littafi ana saura mako jarrabawa.

Ki haɗa da lissafin magani. Giram 1 miligiram 1,000 ne. In an rubuta a ɗura wa majinyaci ruwa mililita 500 cikin awa 4, robar ƙarin ruwan kuma tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, sai ki ninka 500 sau 20, ki raba da minti 240, ki samu kusan ɗigo 42 a minti. Irin wannan ya zauna miki daram, don kuskuren sifiri ɗaya kan iya kai mutum kushewa. Ki kuma koyi ƙirga bugun jini a wuyan hannu. Na baligi mai lafiya yana tsakanin 60 da 100 a minti, numfashinsa 12 zuwa 20. Mutanen gida sun ishe ki gwaji, Hajiya ma za ta ji daɗin a ce an fara duba ta.

Na huɗu, ki gwada zuciyarki. Mutane suna hango nas da allura da farin kaya, ba sa hango gyaran gado, goge amai, sa wa tsoho fo, wanke gyambo mai wari, ko shirya gawa kafin dangi su ɗauka. Ɗaliba sabuwa da waɗannan take farawa. In wani naku na kwance a asibitin koyarwa na Lamingo ko asibitin Filato, ki karɓi zaman jinya na kwana ɗaya ko biyu, ki zuba ido kan abin da ma'aikata ke yi daga miƙa aiki da safe har dare. Jiri a ganin jini na farko ba abin kunya ba ne, yana wucewa. Ƙyamar taɓa jikin mara lafiya ita ce abin dubawa. Ki yi gwajin ciwon hanta nau'in B, in babu ki fara rigakafi, allura uku ce, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6, saboda tsinin allurar da aka yi wa wani kan soki ma'aikaci.

Na biyar, a zauna da mutanen gida. Akwai aikin safe, na yamma da na kwana, kuma asibiti bai san Sallah ko ɗaurin aure ba. Baba ya ji wannan daga bakinki tun yanzu. In da aure, maigida ya amince da kwanan asibiti da kuma kula da majinyata maza, a kuma san wa zai riƙe yara. Ki tambayi makarantar dokarta a kan juna biyu, da irin hijabin da ta yarda a sa da kayan aiki, launinsa da tsawonsa, kafin ki kai wa tela. Farce dai a yanke, zobe da awarwaro su zauna a gida.

Kayan aiki ba su da yawa: agogo mai hannun daƙiƙa da ake maƙalawa a ƙirji, abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafin jiki, almakashi, ƙaramin littafin aljihu, da takalmi rufaffe mara tsini wanda za ki iya wuni a tsaye da shi. Ki jira jerin makaranta kafin ki sayi sauran. Wadda za ta Vom ta biya kasuwar Katako ta zaɓi bargo mai kauri da rigunan sanyi, don sanyin Disamba da Janairu a can ba ya wasa, ga wanka da asuba. Kuɗin makaranta kuma ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Akwai na rajista da hukuma, na ɗinki, na mota zuwa asibitoci da ƙauyukan da za a tura ku, sai na jarrabawar ƙarshe, wadda ake yi a kwamfuta tare da gwajin aiki a gaban masu sa maki. Ki nemi ɗalibar aji biyu ta rubuta miki abin da ta kashe a shekararta ta farko, ki kai wa wanda zai ɗauki nauyinki ya gani da idonsa kafin ranar tafiya.