Shawara ga masu kumburin hanji idan ciwon ya motsa

Jama'a, mai fama da kumburin hanji mai daɗewa, wato cutar Crohn ko gyambon babban hanji, ya kamata ya san cewa ba kowane gudawa mai jini ba ne tashin ciwonsa. A nan Damagaram atuni ya yawaita, musamman da damina, kuma alamominsu kusan ɗaya ne, saboda haka a fara kai bayan gida awo kafin a ƙara magani, domin prednisolone, maganin kwantar da kumburi, yana iya tsananta atunin da ba a gano ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne sayen ibuprofen ko diclofenac a wurin masu tallan magani don kashe murɗar ciki, alhali su ne ke ƙara fama gyambon. Paracetamol ya fi sauƙin haɗari. Kada kuma a daina mesalazine, maganin kumburin hanji, don an ji sauƙi, ko a yanke prednisolone lokaci guda ba da umarnin likita ba.

A zafin watan Afrilu da Mayu jiki yana saurin bushewa. A zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa kurɓa. A ci kaɗan-kaɗan: kunu tatacce, tuwon shinkafa mai laushi, dafaffen ƙwai. Kilishi da yaji su dakata, haka ma madara idan tana tayar da ciki.

Idan gudawa mai jini ta kai sau shida a yini, ga zazzaɓi ko jiri, a tafi Babban Asibitin Damagaram a ranar.