Yadda ake ɗaura tirelar janareta a mota da yadda ake kwance ta

Masu kai janareta wurin biki ko suna a Aboabo da Asawase sun san cewa wajen kwance tirela aka fi jin ciwo. Kumasi tudu da gangare ce, tirela kuwa da ta rabu da mota gangare take bi.

Wajen ɗauri, fara duba ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota. Yawanci milimita 50 ne, kuma dole ya dace da bakin tirelar. Idan ya cinye, kai shi Magazin, unguwar makanikai a Suame, a canza. Ban yarda da ɗorin walda a nan ba. Sauke bakin a kan ƙwallon, kulle maɗaurin, soka fil. Sai ka murɗa ƙaramar tayar gaba kamar za ka ɗaga tirelar. In bayan motar ya biyo ta sama, ya kama. Naɗe tayar, ka gitta sarƙoƙi biyu na tirelar a ƙarƙashin bakin ka maƙala su a mota, ta dama zuwa hagu, ta hagu zuwa dama, don su tare shi in ya fice. Jona wayar fitila, yaron mota ya tsaya a baya ya duba birki da sigina.

Wajen lodi, ka sa nauyi ya fi yawa a gaban tayoyin tirelar, kamar kashi 60 cikin 100. Jarkokin gas da aka jibge a baya su ke sa tirela rawa a hanyar Ejisu. In ta fara, kada ka danna birki da ƙarfi. Ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari daidai har ta lafa.

To, ga kwancewa. Nemi wuri mai baje, ja birkin hannu, na tirelar ma in tana da shi. Kafin hannu ya taɓa maɗauri, sa waigi gaba da bayan tayoyi. Waigin katako nake nufi, domin na ga bulon siminti ya ruguje a ƙarƙashin taya. Ranar nan yarona ya riga ni buɗe maɗaurin, ina cewa "Kai yaro, dakata!" yana cewa "Maigida, ai na sa dutse." Kafin ya rufe baki tirelar ta ja baya, taya ɗaya ta faɗa kwata. Sai da samarin unguwa suka kama mana.

Bayan waigi, sauke ƙaramar tayar a kan faffaɗan katako, musamman da damina da ƙasa ke lumewa. Cire wayar fitila, zare fil, buɗe maɗaurin, ka murɗa a hankali har bakin ya bar ƙwallon. Kauda ƙafarka daga ƙarƙashinsa, fuskarka ma kada ta kasance a samansa, don tirelar da nauyinta ke baya tana iya cilla bakin sama. Sarƙa ce ta ƙarshe. Sai ka ga tirelar ta tsaya cak sannan ka cire ta, ka ja motar gaba kaɗan.