Ga masu ɗaukar hoton duwatsu da koguna a hanya

Jama'a, kafin ku ɗora laifi a kan waya, ku duba lokacin da kuke ɗaukar hoton. Da tsakar rana sama takan fito fari fat, inuwa kuma baƙi ƙirin. Ku gwada awa ɗaya bayan fitowar rana ko awa ɗaya kafin faɗuwarta. A lokacin hasken yana zuwa ne daga gefe, sai tudu da kwari su fito ɓaro-ɓaro.

Sannan ku shiga saitin kamara ku kunna layukan da ke raba allo gida 9. Kada inda ƙasa ta haɗu da sama ya zauna daidai tsakiya. In gajimare ya yi kyau, ku ba sama kashi biyu cikin uku, in babu, ƙasa ta ɗauki rabon. Kuma kada layin haɗuwar ƙasa da sama ya karkace, musamman a kan ruwa, don nan ido ke saurin kamawa.

Fili tsura ba ya jan hankali. Ku sa bishiya ko dutse a kusa, ku ɗan durƙusa.

Zuƙowa da yatsu na dusashe hoto a yawancin wayoyi, gara ku taka ku matsa. A cikin mota kuwa, ku kusantar da kamarar da gilashi, ku kashe filasha.