Yadda Ake Ziyartar Maɓuɓɓugar Weeki Wachee a Fulorida

1. Wurin yana arewa da birnin Tampa a Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Ka yi sammako, ana buɗewa ƙarfe 9 na safe. Lokacin zafi wurin kan cika har a rufe ƙofa.

2. Da shigarka duba jadawalin wasan ƙarƙashin ruwa, ka je da wuri, domin kujeru kusan 400 ne kawai. Ta bayan gilashi za ka kalli mata sanye da wutsiyar kifi suna rawa a cikin ruwa, suna shaƙar iska ta tiyo. Tun 1947 ake wasan nan, kuma ya cancanci jira.

3. Iyo kuwa a Buccaneer Bay, ɓangaren wasan ruwa na wurin, ake yi. Ruwan bai wuce digiri 23 ba duk shekara, yara kan yi saurin jin sanyi, saboda haka a riƙo tawul.

4. Mai son tuƙa ƙaramin kwalekwale a kogin da ke fitowa daga maɓuɓɓugar ya kama wuri ta intanet tun kafin ranar. Sa rigar kariya. Kada ka sauka ka tattaka bakin kogin: ciyawar ruwa na mutuwa, gaɓa ta zaizaye. In ka haɗu da ayu, kada ka taɓa shi, doka ta hana.