BABI NA 7: Yadda ake rage shurin babbar bindiga a kafaɗa

Darasi na 1: Me ya sa take shuri

'Yan uwa maharba na ajin dare na Aboabo da Asawase a Kumasi, ƙasar Ghana, sannunku da ƙoƙari. Duk bindiga in ta tura harsashi gaba sai ta turo kanta baya, abin da kafaɗa ke sha kenan. Harsashi mai nauyi da albarushi mai yawa shurinsu ya fi zafi, bindiga mara nauyi kuma ta fi mai nauyi shuri.

Kafin komai a buɗe bindiga a cire harsashi, a leƙa ciki da ido, bakinta na kallon inda ba mutum.

Yanzu duba jikin ƙarfen kusa da inda harsashi ke shiga, akwai lamba. In kaga 12 to irin tamu ce ta farautar gyazbi, wanda Asantawa ke cewa akrantie. In kaga ɗigo a gaba kamar .375 ko .458 to babba ce ta ɓauna da giwa, irin wadda masu rakiyar farauta ke riƙewa a Tanzaniya da Zimbabuwe. Ita .375 ɗin kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da ita a 1912, shurinta ya kusa ninka na .30-06, wata matsakaiciyar bindigar farauta. Ɗigon nan ba datti bane, rubutu ne, a karanta shi. Dabarar da za mu koya ɗaya ce ga dukkansu.

Darasi na 2: Robar gindi da awo

Roba ce mai laushi da ake sawa a gindin bindiga, kaurinta yawanci inci 1. Bata kashe shurin, tana dai shanye shi a hankali ne ya zama turi maimakon naushi. Akwai wadda ake zurawa kamar safa, a kwalinta zaka ga S ko M ko L, wato ƙarama, matsakaiciya, babba. Akwai kuma wadda ake ɗaurewa da sukuru biyu, irin su Pachmayr da Limbsaver.

To ga inda kowa ke faɗuwa, ka natsu. Roba tana ƙara wa bindiga tsawo, in tayi maka tsawo kuwa gindin zai riƙa kama riga a hammata ya ƙi zama a kafaɗa, sai kaga mutum ya kashe sidinsa ya sayi roba amma kafaɗa na nan da tabo. Dan haka sai an auna.

Ari tef ɗin tela. Gefe biyu gareshi, ɗaya ya ƙare a 60 ɗaya ya kai 150. Mai 60 ɗin muke so, shi ne inci. Ɗora farkon tef a kan kunama, inda yatsa ke ja, ka ja shi zuwa tsakiyar gindi. Farkon tef nace, bakin ƙarfen nan, ba lamba 1 ba. Yawancin bindigogi zasu baka wajen 13½, a karanta shi goma sha uku da rabi. Rubuta a littafinka.

Sake aunawa. Gefe mai 60, daga bakin ƙarfe, daga kunama zuwa gindi. In ya zo daidai da na farko madalla, in bai zo ba ba komai Baba, hannun da ya iya ɗaure tarko ba tef ne zai gagareshi ba, a sake.

In ka samu 34 ko 35 ka juya tef ne, santimita kake karantawa. Juyo shi. In ka samu 14½ tun ba a sa roba ba, duba ko daga 1 ka fara.

Yanzu lissafi: 13½ a ƙara 1 ya zama 14½. Sa gindin da robar a lanƙwasar gwiwar hannunka ka miƙa yatsa, in bai kai kunama ba sai da miƙa to tayi tsawo, a kai wa mai gyaran bindiga mai lasisi ya rage katakon da inci 1. Haba Alhaji, kada ka ɗauki zarto da kanka, wanda ya fara awo daga 1 ya yanka, wa zai maido masa katakon? Kuma wallahi wasunku har yanzu da ido suke awo wai sun saba, to ba a ajin nan ba. Gefe mai 60, daga bakin ƙarfe.

Wajen ɗaurewa, ramukan sukuru a ɓoye suke cikin robar, matsa ta da yatsa zaka ga ɗan tsagu sama da ƙasa. Shafa wa sukundireba sabulu kada ta yaga robar.

Darasi na 3: Bututun nauyi

Wannan ɗan bututun ƙarfe ne a rufe ruf, ana huda gindin katako a cusa shi ƙarƙashin robar. Nauyinsa daga gram 200 zuwa wajen 450, nauyin ne ke rage shurin. Wasu da zaiba a ciki. Zaiba guba ce, kun ga abin da take yi wa ruwa a wuraren galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, kada wani ya je Magazin na Suame, unguwar makanikai da maƙera, a haɗa masa nasa. A matse shi ya zauna daram, in yana kwaram-kwaram zai tsaga katako.

Darasi na 4: Riƙo

Manna gindi a taushin kafaɗa ba kan ƙashi ba, kada a bar fili. Kumatu a kan katako, ɗan karkata gaba.

Darasi na 5: Takardu

A nan Ghana lasisin bindiga wajen 'yan sanda, ana sabuntawa duk shekara. Ba a farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, sai gyazbi, shi ma da lasisin farauta.

Aikin gida: auna taka, kawo lambar a rubuce. Bindigar a barta a gida.