Yadda Ake Warware Lissafin Matsi da Faɗin Wuri

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya ga ɗan dako yana naɗa gammo kafin ya aza kwandon tumatir a ka. Nauyin kayan bai ragu ba, gammo dai ya baza shi a wuri mai faɗi, sai kai ya samu sauƙi. Da wannan nake fara wa yaran da nake koya wa lissafi da yamma a Agege, domin tambayar matsi da faɗin wuri tana yawan ba su wahala idan jarrabawar WAEC ta matso.

Ka'idar ita ce, muddin nauyi bai canza ba, faɗi na ƙaruwa matsi na raguwa. A aljabara ka fara da rubuta P = k/A. P shi ne matsi, A faɗin wurin da kaya suka taɓa, k kuma adadin da ba ya motsi, wato nauyin kansa.

Daga nan ka nemo k. Mu ɗauki buhun shinkafa kwance a ƙasa, ya rufe murabba'in mita 0.5, matsinsa faskal 1,000 (faskal shi ne ma'aunin matsi). Ninka su: 1,000 sau 0.5 ya ba ka 500. To k kenan, niyuton 500 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfin nauyi), kusan nauyin buhu mai kilo 50.

Yanzu ka miƙar da buhun tsaye, gindinsa kaɗai ke ƙasa, murabba'in mita 0.2. Raba 500 da 0.2, ka samu faskal 2,500. Buhu ɗaya ne, amma matsin ya ninka sau biyu da rabi. Shi ya sa da damina, idan ƙasa ta jiƙe, 'yan kasuwa ke shimfiɗa katako kafin su jibga kaya. Mai tsire kuwa akasin haka yake nema: yana wasa wuƙa don bakinta ya sirance, matsi ya taru wuri guda.

Inda na fi ganin yara suna tuntuɓe shi ne awo. Faskal ɗaya niyuton ɗaya ne a kan murabba'in mita ɗaya, saboda haka idan an ba ka faɗin da santimita, sai ka mayar tukuna. Murabba'in mita ɗaya yana da murabba'in santimita 10,000, ba 100 ba. Wannan kuskuren yana ba ni takaici ƙwarai, domin yaron ya gane aikin, sifiri biyu ne kawai ke raba shi da maki.

Kafin ka ajiye biro, ninka sabon matsin da sabon faɗin. Idan 2,500 sau 0.2 bai dawo maka da 500 ba, koma ka duba rabawarka.