Yadda ake zaɓen burodin hatsi mai riƙe ciki don sanwici

Jama'a, launi ba shi ba ne. Wannan shi nika son mutanenmu na Sakkwato su gane, don wani burodin da kuka gani ya yi duhu kamar na alkama zalla, farar fulawa ce anka zuba ma ƙonannen sukari ta canza kala. Ka ci da ƙarhe takwas, kahin goma yunwa ta dawo.

To in ka shiga kanti, hwara juya ledar ka karanta kayan haɗi. Abin da anka rubuta da farko shi ya fi yawa a ciki, don haka kana son ganin garin alkama da ba a cire ma dusa ba a sahun gaba, sannan sauran su biyo, gero ko dawa ko masara ko riɗi. Ganin an rubuta hatsi iri-iri ba ya nuhin da dusarsu, alhali dusar nan ita ka sa abinci ya daɗe a ciki. Ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa, hukumar ta daɗe da hana sinadarin bromet, wanda ka ƙara kumburi, a burodi.

Sai ka ɗauka ka ji nauyinai. Na kirki yana da nauyi, in ka danna da yatsa ya dawo a hankali, ba irin mai kumburin banza da ka matse shi ya koma loma guda ba. Amma kar ya cika tauri hwa, don gero da dawa ba su da danƙon nan na alkama, in sunka yi yawa sai ka ga yana marmashewa wajen yanka, balangu da albasa duk su zube maka a riga.

Ni yanka mai ɗan kauri nika so, a ɗan gasa shi a kasko, a shafa man shanu kahin a sa tumatir don kar ruwan ya jiƙa shi, sai soyayyen ƙwai ko sardin da yajin ƙuli, wallahi da shayi mai zahi har azahar ba ka neman komi.

Zahin garin ga kuwa da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, burodi cikin leda nan da nan yake hunhuna. Sayi na kwana biyu kawai. In akwai wuta ka yanka ka sa a firiza, firij busar da shi yake yi.